Tsaron Kujera da Tsaron Ƙasa: Labarin Sokode da Dapaong

Wanda yake so ya san abin da maigida yake tsoro, sai ya zagaya gidansa ya ga wajen da katanga ta fi tsawo. Haka yake ga gwamnati kuma. Kowace gwamnati tana da shirinta na tsaro, ko ta rubuta shi a takarda ko ta riƙe shi a ciki, ana kuwa gane shi ta wurin duba inda ta kafa barikokinta, da irin mutanen da take ɗauka soja, da wajen da bakin bindigarsu yake fuskanta. A ƙasar Togo sai da aka yi shekara 60 da samun mulkin kai kafin gwamnati ta kai irin wannan shiri gaban majalisar dokoki a rubuce, da lissafin kuɗinsa da na sojojinsa. Amma shirin yana nan tun da daɗewa, garuruwa biyu kuwa sun isa su nuna yadda ya yi ta sākewa. Ɗaya ita ce Sokode, a tsakiyar ƙasa, wajen kilomita 340 daga Lome, garin Kotokoli waɗanda suke kiran kansu Tem. Ɗayar kuwa Dapaong ce, wadda tsofaffi suka sani da suna Dapango, can ƙurewar arewa kusa da iyakar Burkina Faso, fiye da kilomita 600 daga bakin teku, a ƙasar Moba da Gurmawa.

Kafin zuwan Turawa ba wani sarki ɗaya da ya riƙe wannan ƙasa duka, kowa da tasa dabara. Fataken Hausa da suke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja sayen goro, waɗansu sukan bi ta Jugu su sauka Didawure, unguwar Musulmi 'yan kasuwa wadda Sokode ta yau ta girma kewaye da ita, waɗansu kuwa su bi ta Gurma su sauka Mango. Tsaron ayari a wuyan madugu yake. Shi ya san sarkin da za a kai wa gaisuwa, da mashigin da za a biya fito, da dajin da ba a kwana a cikinsa.

Mango ɗin nan, wadda take kudu da Dapaong, rabin sunanta na Hausa ne, gama cikakken sunan Sansanne Mango ne, wato sansanin yaƙi. Cakosawa ne suka kafa ta a ƙarni na 18. Daga ƙasar Ano suka fito, cikin Kwaddibuwa ta yau, suka zo yi wa sarakunan Gwanja da Mamprusi yaƙi a kan lada, da aiki ya ƙare sai suka zauna a bakin kogin Oti, suka ƙi komawa. Daga nan suka yi ta kai hari kan maƙwabta suna karɓar gandu da bayi. Moba ba su iya karawa da su a fili ba, sai suka hau duwatsun Nok, kusa da Nano, suka gina rumbunan yumɓu fiye da 100 cikin kogwanni a jikin dutse, inda doki ba ya kaiwa. In an ji labarin mahara, a kwashe mata da yara a hau. Rumbunan suna nan har wa yau. A wajen Sokode kuwa Uro Jobo Bukari na Paratawo ne ya yi ƙarfi a ƙarshen ƙarni na 19, da mahayansa da ake kira Semasi.

Jamusawa suka kafa tutarsu a bakin teku a 1884, a shekara ta gaba kuma suka kafa ƙaramar rundunar 'yan sanda. Sojojinta na fari Hausawa ne. Ingilishi sun riga su yin haka a Ikko da Gana, a bakinsu kuwa duk wanda ya fito daga arewa yana jin Hausa, Bahaushe ne. Hikimar abin a fili take: baƙo ba shi da dangi a garin da aka aike shi ya ƙone. Har Jamus ta bar Togo wannan runduna ba ta wuce mutum 500 da 'yan kai ba. Da irin wannan ƙarfi ba a cin ƙasa sai da taimakon 'yan ƙasa, don haka a 1889 Ludwig Wolf ya ƙulla alkawari da Jobo Bukari. Sa'ad da Dokta Kersting ya zo ya kafa bariki a Sokode, mahayan Semasi ne suka raka shi ya shiga duwatsun Kabye a farkon 1898. Kabye ba su manta ba, Kotokoli ma ba su manta ba.

A 1907, shekara guda bayan yaƙin Satiru a ƙasar Sakkwato, Gwamna Zech ya rufe gundumomin arewa biyu, ta Sokode da Basari da ta Mango da Yendi. Ba Baturen da zai shiga sai da izinin gwamna, ko ɗan kasuwa ne ko mai wa'azin bishara. Dalilin da aka bayar shi ne gwamnati ba ta da isassun mutanen da za su tsare baƙi, ba ta kuma so a tsokani sarakunan Musulmi. Ana iya cewa wannan shi ne shirin tsaro na fari da aka rubuta game da arewacin Togo, abin da ya ƙunsa kuwa shi ne a kulle ƙofa. Sai a 1913 fadoji suka sami kafa mishan a Alejo, arewa da Sokode, yaƙin duniya ya zo ya katse aikin tun bai yi saiwa ba. A wannan lokaci kuwa kudu ta daɗe da makarantun mishan na Bremen da na Katolika. Ta haka rabon aiki ya fito: malaman ofis da malaman makaranta daga kudu, lebura da soja daga arewa. Wanda bai riƙe wannan a zuciya ba, ba zai gane abin da ya faru a 1963 ba.

Mulkin Jamus ya faɗi cikin mako uku a Agusta 1914. Abin da suka fi tsarewa shi ne babban gidan wayar iska na Kamina, kusa da Atakpame, suka farfasa shi da hannunsu, suka sallama ran 26 ga watan. Arewa ko kāre ta ba a yi ba. Faransa ta karɓi kashi mafi girma na ƙasar, ta ci gaba da tsohon rabon aiki. Da yake Togo ƙasar riƙon amana ce, ba a yarda a yi kamen soja a cikinta ba, sai samarin arewa suka riƙa ƙetarewa Dahome suna sa hannu da kansu. Da yawa sun yi wa Faransa yaƙi a Indocin da Aljeriya. Ɗaya daga cikinsu wani saurayi ne daga Piya, kusa da Kara, mai suna Etienne Eyadema, wanda ya shiga soja a 1953.

Togo ta sami mulkin kai ran 27 ga Afrilu 1960. Shugabanta na fari, Sylvanus Olympio, tsohon manajan kamfanin UAC ne, mutum mai tsantseni da kuɗin gwamnati. A ganinsa ƙaramar ƙasa matalauciya ba ta da abin yi da babbar runduna, ya bar sojojinsa ba su wuce 300 ba. Tsoronsa yana yamma, wajen Kwame Nkrumah na Gana, wanda suke jayayya da shi a kan ƙasar Ewe. A cikin gida kuwa ya dogara ga 'yan sanda da 'yan bangar jam'iyyarsa. Ana nan sai yaƙin Aljeriya ya ƙare a 1962, Faransa ta sallami ɗaruruwan 'yan Togo, yawancinsu mutanen arewa, suka dawo gida ba sana'a sai ta bindiga. Suka roƙi a ɗauke su cikin rundunar ƙasa, Olympio ya ƙi. Lissafinsa na kuɗi daidai ne, na mutane ne ya kuskure. Da asubar 13 ga Janairu 1963 aka harbe shi a ƙofar ofishin jakadancin Amurka a Lome. Shi ne shugaban ƙasa na fari da sojoji suka kashe a Afirka ta Yamma bayan mulkin kai.

Nicolas Grunitzky, wanda aka ɗora a madadinsa, ya buɗe wa tsofaffin sojojin ƙofa, cikin shekara uku runduna ta kai wajen 1,200. Ran 10 ga Yuli 1963 kuma ya sa hannu a yarjejeniyar tsaro da Faransa. Amma wanda ya hau dokin wani, ranar da mai doki ya so zai sauka. Ran 13 ga Janairu 1967 sojoji suka kawar da shi, a watan Afrilu Eyadema ya zama shugaban ƙasa, ya riƙe kujerar shekara 38.

A duk waɗannan shekaru shirin tsaron Togo a cikin kan mutum ɗaya yake. Eyadema ya san yadda ya hau, ya kuwa ƙudura ba wanda zai hau ta wannan tsani a bayansa. Ya cika bariki da mutanen da ya amince da su, yawancinsu 'yan arewa, mafi yawa kuma Kabye, manyan hafsoshi da dama daga Piya. Kowace shekara a watan Yuli yakan je ya zauna kwanaki yana kallon kokawar Evala a ƙasar Kara, samari da yawa daga filin kokawa suka wuce bariki. Jam'iyya ɗaya ce tun daga 1969, ba ɗan majalisar da zai tambayi sojoji nawa ne, ko nawa ake kashewa a kansu. In abin ya fi ƙarfin na gida, Faransa tana nan. A daren 23 ga Satumba 1986 waɗansu mutane da makamai suka ƙetaro daga wajen Gana suka far wa Lome, Faransa ta aiko da sojojin laima, Mobutu na Zaire ma ya aiko da nasa.

Ba za a hana shi nasa yabo ba. Shi da Janar Yakubu Gowon na Nijeriya suka yi ta fama har aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko a 1975, a 1978 kuma ƙasashenta suka sa hannu cewa ba mai kai wa ɗan'uwansa yaƙi. Togo ba ta yi yaƙi da maƙwabci ko ɗaya ba a zamaninsa. Amma kalmar nan “arewa” ta ruɗi mutane da yawa. 'Yan kudu sukan ɗauka cewa duk wanda ya fito daga bayan Atakpame ɗan gata ne. Kara ta sami gine-gine da barikoki, Niyamtugu ta sami babban filin jirgin sama, ƙasar Dapaong kuwa ta zauna ita ce mafi talauci a Togo. Abin da manoman Oti da Keran suka fi sani game da masu kaki a shekarun 1970 da 1980 shi ne gandun namun daji. Aka faɗaɗa gandun, aka tashi ƙauyuka, wanda aka kama da nama ko da tarko ya sha wuya, waɗansu ma ba su dawo ba. Da mulki ya yi rauni a farkon shekarun 1990, mutane suka afka cikin gandun suka karkashe namun don haushi. Ko a 2015, da aka sāke ta da maganar gandun, sai da aka yi asarar rayuka a Mango.

Guguwar neman sāke ta taso a Lome ran 5 ga Oktoba 1990. Babban taron ƙasa ya zauna a Yuli da Agusta 1991, Bishop Philippe Kpodzro na Atakpame yana shugabanta, a nan ne aka fara faɗar maganar soja a bainar jama'a. Wakilan soja suka fice daga zauren. Ran 3 ga Disamba na wannan shekara tankokin yaƙi suka far wa ofishin firayim minista Joseph Koffigoh. Ran 5 ga Mayu 1992 aka yi wa Gilchrist Olympio, ɗan shugaba na fari, kwanton ɓauna a Sudu, wajen Bafilo, arewa da Sokode. Ya tsira da munanan raunuka, Dokta Marc Atidepe da waɗansu suka mutu. Duk da haka tsarin mulkin da jama'a suka amince da shi a Satumba 1992 ya rubuta cewa runduna ta ƙasa ce duka, ba ruwanta da siyasa, tana kuma ƙarƙashin hukumar farar hula. Magana ce mai kyau a takarda. Ran 5 ga Fabrairu 2005, ranar da Eyadema ya rasu, hafsoshi suka rufe iyakoki, shugaban majalisa wanda doka ta ce shi zai riƙe ƙasa ya maƙale a Kwatano, suka miƙa mulki ga Faure Gnassingbe, ɗan marigayin. A rikicin zaɓen Afrilu na wannan shekara, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mutum 400 zuwa 500 suka mutu, dubbai kuma suka gudu Benin da Gana.

Bayan wannan an yi ƙoƙarin gyara. Hukumar gaskiya da sulhu, wadda Bishop Nicodeme Barrigah ya shugabanta daga 2009 zuwa 2012, ta zauna a Dapaong da Sokode da sauran manyan garuruwa, ta saurari mutane, ta ba da shawarwari 68, a cikinsu har da gyaran runduna. A 2014 aka sāke fasalin soja, aka raba ƙasa kashi biyu, kudu da arewa, hedkwatar arewa tana Kara.

Abin da ya nuna ko gyaran ya kai ciki, a Sokode ya faru. Ran 19 ga Agusta 2017 jam'iyyar PNP ta Tikpi Atchadam ta kira zanga-zanga, tana neman a koma ga tsarin mulkin 1992 wanda ya ƙayyade wa'adin shugaba. Atchadam mutumin Paratawo ne, garin Jobo Bukari. Abin ya girgiza gwamnati ƙwarai, gama an saba 'yan hamayya daga kudu suke, ga shi kuwa wuta ta kama a tsakiyar ƙasa, cikin mutanen da ake ƙirgawa a “arewa”. Hukuma ta ce mutum biyu suka mutu a Sokode a ranar, 'yan hamayya suka ce sun fi haka. A watan Satumba aka katse intanet a ƙasar duka kwanaki, abin da kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya saɓa wa doka. A daren 16 ga Oktoba aka kama wani limamin garin, na kusa da jam'iyyar, gari ya hargitse, aka ƙone gine-ginen hukuma, aka kashe sojoji biyu, samari kuma suka mutu. Sai sojoji suka cika Sokode da Bafilo da Mango, suna shiga gida gida, hukuma tana cewa makaman da aka ƙwace take nema. Mutane da yawa suka kwana a daji, ɗaruruwa daga wajen Mango suka ƙetare Gana. Aka hana zanga-zanga a garuruwan nan uku.

Mai karatu ya lura da lokacin. A watan Satumba ɗin nan na 2017, sa'ad da idon soja yake kan lungunan Sokode, Togo da Gana da Benin da Burkina Faso da Kwaddibuwa suka kafa abin da ake kira Shirin Akara, domin su tare wutar da take gangarowa daga Mali. A 2018 wutar ta iso gabashin Burkina, wajen Pama da Kompiyenga, tafiyar 'yan sa'o'i a kan babur daga Dapaong. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Satumba 2018 gwamnati ta tura runduna ta musamman zuwa iyakar arewa, aka sa wa aikin suna Kunjoware, sunan wani gari na gundumar Kpenjal. Ran 15 ga Fabrairu 2019 'yan bindiga suka far wa tashar kwastan ta Nohawo, a gefen Burkina, ba nisa da Sinkase, suka kashe ma'aikata huɗu tare da Fada Antonio Cesar Fernandez, ɗan ƙasar Sifen, wanda yake komawa Wagadugu daga wani taro a Lome. Daga wannan rana ba mai cewa labarin nesa ne.

Daga nan takardu suka fara fitowa bi da bi. A Mayu 2019 aka kafa kwamitin rigakafin tsattsauran ra'ayi, wanda ake kira CIPLEV, ya haɗa ma'aikatun gwamnati da soja da wakilan addinai da ƙungiyoyin jama'a, yana da rassa har gundumomi da ƙasashen hakimai. A Agusta majalisa ta zartar da dokar tsaron cikin gida. A wannan wata kuma ta ƙuntata dokar zanga-zanga, ta ce ba a fita kafin ƙarfe 11 na safe ko bayan ƙarfe 6 na yamma, da hujjar ta'addanci. Ga tsohon tsoro da sabon tsoro a jaka ɗaya. Sa'an nan a Disamba 2020 aka zartar da dokar shirin soja ta shekara biyar, 2021 zuwa 2025, irinta ta fari a tarihin ƙasar: sefa biliyan 722, sojoji kuma su ƙaru daga wajen 17,700 zuwa wajen 22,600. Ko mai sukan gwamnati ya kamata ya yarda cewa wannan sabon abu ne. Abin da dā ake raɗa a kansa, ga shi a rubuce, ana iya auna shi da abin da aka yi.

Ba a daɗe ba aka gwada shirin. Ran 9 ga Nuwamba 2021 aka kai hari na fari a Sanlowaga, sojoji suka kore shi ba asarar rai. A daren 10 ga Mayu 2022 mahara masu yawa a kan babura suka far wa sansanin Kpekpakandi, suka kashe sojoji 8, suka raunata 13. Ƙungiyar JNIM, reshen Alƙa'ida a Sahel, ta ce ita ce. Ran 13 ga Yuni aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes duka, wadda Dapaong ce babban birninta.

Wata guda bayan haka, a daren 9 ga Yuli, wani jirgin soja ya hangi ayarin mutane a Margba, cikin gundumar Tone, ya zaci mahara ne, ya yi musu ruwan wuta. Yara ne suna komawa gida daga shagalin Babbar Salla. Bakwai suka mutu. Bayan 'yan kwanaki rundunar ta fito ta ce ita ce ta yi, ta nuna baƙin cikinta. Wannan bai dawo da yaran ba, amma tsofaffin da suka ga zamanin gandun daji sun san cewa a dā ko wannan ba a samu.

A nan ne wuyar sabon shirin take. Maƙiyin da Eyadema ya shirya wa, maƙiyi ne mai zuwa Lome neman kujera, ana tare shi da amintattun sojoji da alkawarin Faransa. Na yanzu ba ya neman fadar shugaba tukuna. Yana shigowa da dare ta dajin iyaka, ya kore shanu, ya binne nakiya a hanya, ya yanka wanda ya zarga da kai rahoto. Yana bukatar mai sayar masa da man fetur da shinkafa da batir, yana kuma neman saurayin da ba shi da gona ba shi da aiki, ko makiyayin da aka ci zalinsa bai sami mai jin kukansa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ƙididdigar gwamnati ta 2018 zuwa 2019 ta nuna mutum 65 cikin 100 a Savanes matalauta ne, alhali a ƙasa duka 45 ne da rabi. Irin wannan maƙiyi, manomi ne yake fara ganin sawun babur ɗinsa, matar da ta je itace ce take fara jin ƙamshin wutarsa. Jirage marasa matuƙi da aka sayo daga Turkiyya suna gani daga sama, amma Margba ta nuna iyakar ganinsu. Runduna tana bukatar bakin talaka, talakan kuwa shi ne wanda aka yi shekaru ana koya masa ya yi shiru in ya ga kaki.

Gwamnati ta nuna ta gane wannan. A 2022 ta fito da shirin gaggawa na Savanes, na rijiyoyin burtsatse da lantarki da hanyoyi da ɗakunan shan magani, ta kuma rubuta dabarar ƙasa ta rigakafin tsattsauran ra'ayi ta 2022 zuwa 2026. Sojoji sukan kafa rumfa a ƙauye su duba marasa lafiya kyauta. Limamai da fastoci da fadoji da sarakunan Fulani suna zama a kwamiti ɗaya da jandarma. Amma tsohon hali bai tafi ba. Daga ƙarshen 2022 hukuma ta rage ba da labarin hare-hare, 'yan jarida ba su shiga yankin yadda suka so, iyalai sukan ji mutuwar ɗansu soja ta bakin abokinsa kafin su ji a rediyo, in ma sun ji. Fulani kuwa suna tsakanin wuta biyu: mahara suna kore musu shanu, maƙwabta suna yi musu kallon 'yan leƙen asiri. Dapaong ta cika da baƙi, waɗansu daga Burkina, waɗansu daga ƙauyukan Kpenjal da aka watse, yawancinsu a gidajen dangi da na mutanen kirki suka sauka.

Sai a Afrilu 2023 Shugaba Faure ya faɗi adadi da bakinsa: wajen sojoji 40 da farar hula wajen 100 aka kashe tun farkon hare-haren. A iyakar Kpenjal kuma aka shiga haƙa dogon rami domin tare babura, irin gwalalon da kakanni suke haƙawa a gindin ganuwa, sai dai wannan da manyan injuna ake yinsa. A Oktoba 2024 rahotanni suka ce an far wa masu haƙan a Fanworgu, aka kashe ma'aikata da sojojin da suke tsaronsu. A Yuli 2025 ministan harkokin waje, Robert Dussey, ya ce an kai hari 15 tun farkon shekarar, farar hula 54 da sojoji 8 suka mutu, ya kuma ce sojoji wajen 8,000 suke arewa, wato fiye da sulusin rundunar da dokar 2020 ta tsara. Dokar ta-ɓacin da aka kafa ta wata uku a Yuni 2022, majalisa ta ƙara mata wata shida a Satumba na wannan shekara, sa'an nan ta ƙara mata shekara guda a 2023, ta sāke ƙarawa a 2024, ta kuma sāke a Maris 2025.